Darasi na 14: Haɗa Lasifika Mai Ƙahon Katantanwa

Duk wanda ya taɓa kwance lasifikar masallaci, irin mai faɗin baki da ake ɗaurawa a kan hasumiya, ya ga abin mamakin da ke cikinta. Faifan da ke kaɗawa ya haifar da sautin bai fi inci biyu ba, amma kiran salla yana kai wa ƙarshen unguwa. Sauran jikin duk ƙaho ne, wato hanyar iska da ta fara a tsuke ta ƙare a buɗe. Idan aka duba da kyau za a ga hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Sautin yana yin gaba, ya juyo baya, sannan ya sake yin gaba kafin ya fito. An lanƙwashe ta ne domin doguwar hanya ta shiga gajeren jiki.

A wannan darasi za mu haɗa 'yar'uwar waccan lasifika, amma ta cikin ɗaki, don sauraron rediyo da karatu da kiɗa. Maimakon hanyar ta yi gaba ta dawo baya, za mu nannaɗe ta ne kamar katantanwa a tsakanin alluna biyu, a jingina ta da bango ko a rataye ta. Domin kada magana ta cakuɗe, duk inda muka ce sifika muna nufin kan nan mai maganaɗisu da takarda da koyil, wanda ake saye wurin masu gyaran rediyo. Inda muka ce lasifika kuwa muna nufin sifikar tare da gidanta.

Aikin da ƙaho yake yi

Ƙaho ba ya ƙara wa sifika wuta ko wat ɗaya. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ya zauna a zuciyar ɗalibi, domin mutane da yawa suna zaton akwai wani ƙarfi da yake fitowa daga jikinsa. Abin da yake yi shi ne hana asara.

Takardar sifika da koyil ɗinta suna da nauyi, iska kuwa ba ta da nauyin kirki. Idan takardar ta turo, iskar da ke gabanta sai ta zille ta gefe, ba ta tsaya an tura ta ba. Kamar mai fifita wuta da cokali ne: hannu yana wahala, gawayi bai sani ba. Shi ya sa a yawancin lasifikun da ke gidajenmu, cikin kashi ɗari na wutar da amfilifaya ta aika, abin da ke zama sauti bai wuce kashi ɗaya ba. Sauran yana komawa zafi a cikin koyil. Idan aka sa sifikar a tsukakken wuri, iskar ba ta da wajen gudu, dole ta karɓi turin. Daga nan hanyar ta riƙa buɗewa sannu a hankali, matsin yana raguwa, faɗin yana ƙaruwa, har a kai baki, inda iska mai yawa take motsi a lokaci guda. Ƙahon da aka ƙera da kyau yana iya mayar da kashi goma zuwa hamsin na wutar ya zama sauti.

Ana auna ƙarar lasifika da desibel, a ba ta wat ɗaya a tsaya nesa da mita ɗaya. Lasifikar gida takan ba da wajen 87, ƙahon masallaci kuwa yakan haura 100, wasu ma su kai 107 ko fiye. Bambancin ya fi yadda lambobin suke nunawa, domin kowane ƙarin desibel 10 daidai yake da ninka wuta sau goma. Ke nan abin da ƙaho mai 107 zai yi da wat ɗaya, mai 87 sai ta sha wat ɗari. Ga wanda yake dogaro da ƙaramin batir da farantin sola, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To me ya sa ba a sauraron kiɗa da ƙahon masallaci? Saboda gajere ne kuma bakinsa ƙarami, ba ya ɗaukar sauti mai kauri. Murya yake fitarwa tar, amma amon ganga ba ya bi ta cikinsa. Mabusan fada sun daɗe da sanin cewa kaurin sauti yana tare da tsawo: kakaki yakan kai mita uku ko fiye, shi ya sa amonsa yake ƙasa-ƙasa, algaita kuwa gajeriya ce, muryarta siririya.

Inda abin ya samo asali

Na'urar ɗaukar sauti da Thomas Edison ya ƙera a Amurka a 1877, da garmahon da ya biyo bayanta, ba su da amfilifaya ko kaɗan. Allura ce take kaɗa ɗan faifai, ƙaho ya ɗauki nauyin sauran aikin. Shekaru da dama ana ƙera waɗannan ƙahoni da gwaji da kuskure, har 1919 da Arthur Webster ya wallafa lissafin da ke bayyana yadda sauti yake tafiya a hanya mai faɗaɗuwa. A 1925 kamfanin Victor ya fito da garmaho mai suna Orthophonic Victrola, wanda aka lanƙwashe ƙaho mai tsawon kusan ƙafa shida a cikin akwatinsa. A shekarar ce kuma Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana sifika mai takarda da koyil, irin wadda muke amfani da ita har yau.

Silima ce ta fara nannaɗe ƙaho da gaske. Lokacin da fim mai magana ya shigo, irin su The Jazz Singer na 1927, amfilifayar zamanin 'yan wat kaɗan take bayarwa, ga kuma zaure cike da ɗaruruwan mutane. Kamfanin Western Electric ya ƙera ƙahoni masu tsawon fiye da mita uku, ya murɗe su domin su shiga bayan labulen majigi. Daga baya, a 1946, Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Arkansas, da wata dabara da za ta yi mana amfani nan gaba: ya ƙera lasifikar da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki, bangwaye biyu da daɓe su zama cikon bakin ƙahon.

Masu haɗa lasifika a gida kuwa sukan ambaci Tetsuo Nagaoka, marubuci ɗan Japan da ya rasu a 2000. Ya yi shekaru yana buga zane-zanen lasifiku a mujallu, mai karatu ya sayi filawud da sifika guda ta kamfanin Fostex ya haɗa da hannunsa. Tsarinsa shi ne gaban sifika ya fuskanci mai sauraro kai tsaye, bayanta kuma ya busa cikin ƙaho. Wannan tsarin za mu bi. Siffar shimfiɗaɗɗen katantanwa da ake ratayewa a bango kuwa ta yi suna ne ta hannun wani ƙaramin kamfani a Jamus mai suna Cornu, wanda nasa yake da baki huɗu a gefuna. Sunan na wani masanin Faransa ne, Alfred Cornu, da ya yi amfani da wani lanƙwasasshen layi a binciken haske a 1874, kodayake Leonhard Euler ya riga shi bayyana layin tun 1744. Injiniyoyin titi da na layin dogo suna amfani da shi wajen fitar da kwana, don mota ta shiga lanƙwasa a hankali ba da fizga ba. Iska ma haka take so.

Akwai wata shahararriyar lasifika ta Ingila, Nautilus, da kamfanin Bowers & Wilkins ya fitar a 1993, mai siffar dodon koɗi. Kada hotonta ya ruɗe ku. Hanyarta tana farawa da faɗi ne ta ƙare a tsuke, aikinta ta haɗiye sautin bayan sifika ya mutu a ciki. Namu akasin haka ne.

Lissafin da ba makawa sai da shi

Sauti kaɗawar iska ne. Ana ƙirga yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Kaurin muryar namiji yana tsakanin 85 da 180. A yanayi mai sanyi-sanyi sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, a zafin bazara ya kai 355, bambancin da ba zai dame mu ba.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Sauti ma yana da zango, wato nisan da yake ci kafin kaɗawa ɗaya ta cika. Ana samun tsawonsa idan aka raba 343 da yawan haz. Na haz 1,000 santimita 34 ne. Na haz 100 ya kai mita 3.4, na haz 50 kuwa ya kusa mita bakwai. Duk wahalar ƙera ƙaho daga nan take, domin ƙaho ba ya riƙe sautin da ya fi ƙarfin girmansa.

Tsawon hanya ya kamata ya kai aƙalla rubu'in zangon sauti mafi kauri da ake nema. Don haz 100 ana bukatar santimita 86, don haz 60 kuma mita 1.43. Namu za mu yi shi mita ɗaya da rabi. Bututu miƙaƙƙe mai wannan tsawo ba zai zaunu a ɗaki ba, shi ne dalilin nannaɗewar. Ita nannaɗewar dabarar wuri ce kawai. Ba ta ƙara amo, sai dai tana da wata fa'ida guda: siraran sautuka ba sa son kwana, suna raunana a hanya, mu kuma dama ba ma son su fito ta bakin ƙaho.

Sai yadda hanyar take buɗewa. Ba a buɗe ta yadda aka ga dama. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce faɗin ƙofar hanya ya riƙa ninkawa biyu bayan kowane tsawo iri ɗaya. Idan aka raba 19 da yawan haz, za a sami wannan tsawo a mita. Ƙahon da ke ninkawa duk bayan santimita 19 ba ya sauka ƙasa da haz 100. Wanda ke ninkawa duk bayan santimita 38 zai iya sauka zuwa 50. Wato gaggawar buɗewa tana kashe kauri. Mu za mu ninka duk bayan santimita 50, domin lissafin ya yi sauƙi kuma mu sami rara.

Na uku shi ne baki, kuma a nan gaskiya take da ɗaci. Cikakken ƙaho yana son kewayen bakinsa ya kai tsawon zango guda. Don haz 100 kaɗai, baki ne mai faɗin fiye da mita ɗaya. Idan aka jingina shi da bango bukatar tana raguwa zuwa rabi, a mahaɗar bango da daɓe ta koma rubu'i, a kusurwa ta koma kashi ɗaya cikin takwas, abin da Klipsch ya ci riba da shi ke nan. Duk da haka bakin da za mu yi, santimita 20 a 10, bai kai ba ko a kusurwa. Saboda haka abin da za mu haɗa rabinsa ƙaho ne rabinsa bututu mai amsa amo. Zai ɗaga wasu sautuka fiye da wasu, kuma ba zai kusanci ƙarar ƙahon masallaci ba. Abin da za a samu shi ne kauri da cika daga sifika mai inci huɗu da wat biyu ko uku, wanda ƙaramin akwati ba zai taɓa bayarwa ba. Duk wanda ya ce muku allo mai kaurin tafin hannu zai girgiza gini, ciniki yake nema.

Saura abu ɗaya, ɗakin iska da ke bayan sifika. Gaban takarda da bayanta kishiyoyi ne: lokacin da gaba yake turawa, baya ja yake yi. Idan suka haɗu nan take sai su kashe juna, shi ya sa sifika tsirara a hannu ba ta da kauri. A tsarinmu sautin baya yana makara da tafiyar mita ɗaya da rabi. A wajen haz 114 wannan tafiya rabin zango ce cif, don haka yana fitowa ya tarar da na gaba suna tafiya tare, su ƙarfafa juna. A wajen haz 229 kuwa tafiyar zango guda ce, ya fito yana kishiya kamar yadda ya shiga, sai a sami rami a sautin. Maganin shi ne a hana abin da ya haura haz 200 shiga ƙahon da ƙarfi, kuma ɗakin iska ne yake wannan aiki. Masu wannan sana'a a Japan suna da ƙa'ida mai sauƙi: a ninka faɗin maƙogwaro, wato tsukakkiyar ƙofar shiga ƙahon, a santimita murabba'i sau goma, a raba da girman ɗakin a lita, amsar ta faɗo kusa da 200. Maƙogwaronmu santimita 2.5 ne a 10, wato 25. Ɗakinmu da'ira ce mai faɗin santimita 13 da zurfin 10, idan aka cire wurin da maganaɗisu ya ci ya rage wajen lita 1.2. An raba 250 da 1.2, an sami 208. Ya yi.

Kayan aiki

Sifika ita ce gaba. A nemi mai inci huɗu, mai om 4 ko 8, wadda take ɗaukar murya da kiɗa duka ita kaɗai. Ana samun sababbi a kasuwannin kayan lantarki irin su Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, ana kuma cirowa daga tsohuwar rediyo ko talabijin. Ƙaho yana son babban maganaɗisu da takarda mara nauyi. Sifikar ƙofar mota takan kasance akasin haka, tana yin aiki amma sautin yakan yi gunji. Kafin a biya kuɗi a duba gefen takardar ko ya yage, a danna ta a hankali da yatsu ta kowane ɓangare daidai. In an ji ƙarar gogayya, koyil ya karkace, a ajiye ta. Lambobin wat dubu-dubu da ake liƙawa a jikin kwali kuwa, a yi kamar ba a gan su ba.

Gaba da baya alluna biyu ne na filawud, kowanne santimita 60 a 60, kaurin milimita 9 zuwa 12. Fallen filawud guda santimita 122 ne a 244, don haka rabinsa ya ishi lasifika biyu. Bangon da zai nannaɗe kuma ana yin sa da siririn filawud mai milimita 3, a yanka shi tsiri-tsiri masu faɗin santimita 10, jimillar tsawon kimanin mita biyu da rabi ga kowace lasifika. A gaya wa kafinta ya yanka ta gajeren ɓangaren fallen, yadda zaren katakon zai tsaya a tsaye idan an kafa tsirin. In aka yanka ta tsawo, zai karye kafin ya lanƙwasu.

Shawarata ita ce na farko a yi shi da kwali gaba ɗaya. Kwalin firji ko na talabijin, mai ruɓi biyu, ya isa, kuma idan aka tsayar da ramukansa a tsaye yana lanƙwasuwa ba gardama. Ba zai yi ƙarko ba, kuma jikinsa yana shan wani abu daga cikin kaurin, amma da shi za a gane kuskuren zane ba tare da an yi asarar katako ba.

Sauran su ne farin gam na kafintoci, ƙananan ƙusoshi, sukurori huɗu, waya, dalma, samfefa, zarto, takardar buhun siminti, igiya, da ɗan audugar rimi ko soson katifa. Amfilifaya ƙarama ta wadatar. Akwai ɗan allon nan mai lamba PAM8403 da ke ba da wajen wat uku a kowane ɓangare, wanda cajar waya ko fawabank take tayarwa.

Zane da haɗawa

A shimfiɗa takardar siminti wadda ta fi allon girma. A tsakiyarta a zana da'ira mai faɗin santimita 13, a bar mata ƙofa mai santimita 2.5. Wannan ƙofa ita ce maƙogwaro. A yanko igiya mai tsawon santimita 150, a yi mata alama duk bayan 25. Faɗin hanya a kowace alama shi ne: 2.5 a farko, 3.5 a alamar 25, 5 a 50, 7 a 75, 10 a 100, 14 a 125, sai 20 a ƙarshe. Tun da zurfin hanyar ba ya canzawa, ninka faɗi daidai yake da ninka ƙofar.

A ɗora kan igiyar a maƙogwaro, a zagaya da ita jikin da'irar yadda za ta riƙa bin tsakiyar hanya. A kowace alama a auna faɗin da aka faɗa daga bangon ciki zuwa waje, a ɗiga. A haɗa ɗigogin da layi mai santsi, ba kusurwa ba tsalle. Idan aka gama zagaye na farko, bangonsa na waje shi zai zama bangon ciki na zagaye na biyu, sai dai a tuna a bar wurin kaurin bangon kansa. Igiyar za ta ƙare kafin zagaye na biyu ya cika. Za a lura zanen ya fi nauyi ta ɓangaren baki, don haka sifikar ba za ta zauna a tsakiyar allo ba. A ɗora allon a kan zanen, a gusa shi har komai ya shiga kuma baki ya fuskanci gefe guda, sannan a kwafe layin a kan allon baya. Kuskuren 'yan milimita a wajen baki ba komai ba ne. A wajen maƙogwaro kuwa rabin santimita kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin duka, don haka a nan ake natsuwa.

Kwanar tsakiya ita ce mai wuya ga filawud. A jiƙa tsirin da ruwan zafi, a naɗe shi a jikin gwangwani, a ɗaure ya kwana. In ya ƙi, a yi wannan yanki da kwali ruɓi uku. Daga nan a kafa ƙananan ƙusoshi a bin layin, ciki da waje, su riƙe tsirin a tsaye, a zuba gam a gindinsa ta ɓangarori biyu. Inda tsiri biyu suka haɗu a liƙa musu ɗan guntu ta baya. Idan gam ya kama, a zare ƙusoshin da ke cikin hanya a toshe ramukansu.

Yanzu ga inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Dole saman bangon ya zama tsayi ɗaya tun daga maƙogwaro har baki. A ɗora miƙaƙƙen katako a kai ta kowace fuska, duk inda ya yi tudu a goge da samfefa. Idan aka bar 'yar kafa tsakanin zagaye na farko da na biyu, iska za ta tsallaka ta nan, hanyar mita ɗaya da rabi ta koma rabin haka, kuma daga waje babu mai gani. A shiga ɗaki mai duhu a haska tocila a gindin bango, duk inda haske ya ɓullo a ƙara gam.

Kafin a rufe, a huda allon baya a cikin ɗakin iska a zuro waya, a toshe hudar. A liƙa siririn soso a bayan ɗakin, inda maganaɗisu zai fuskanta. A fasa ramin sifika a allon gaba daidai kan da'irar. Sannan a zuba gam da kauri a saman bangon duka, a kifa allon, a danne da bulo huɗu ko biyar a bar shi yini da kwana. Ita sifikar da sukurori ake ɗaura ta daga waje, da zoben soso ko na roba a ƙarƙashinta, ba a liƙa ta da gam, domin za a sake buɗewa. Wanda yake garin da gara take da yawa, ko inda damina take da laima, ya shafa wa katakon fenti ko banish ciki da waje tun kafin rufewa, ban da wuraren da gam zai hau.

Gwaji da gyara

A taɓa wayoyin biyu a batirin tocila na ɗan lokaci. Idan takardar ta yi waje, wayar da ke kan ƙoƙon batirin ita ce mai alamar tarawa. Wanda ya haɗa lasifika biyu ya tabbatar duka suna yin waje tare, in ba haka ba kaurinsu zai kashe juna.

A fara da muryar da aka sani sosai, kamar ta mai karanta labarai. Idan ta fito da gunji ko amsa-kuwwa, siraran sautuka suna bi ta ƙaho, sai a cire sifika a sa ɗan audugar rimi sako-sako a ɗakin iska, a kula kada ta toshe maƙogwaro. Idan kuma kaurin ya ɓace gaba ɗaya, audugar ta yi yawa. Ana yi ana saurare ne, kaɗan-kaɗan. Akwai manhajojin waya da ke fitar da sauti guda a kowane haz da aka zaɓa. A rataya siririyar takarda a bakin ƙaho, a fara daga 200 ana sauka. Za a ga inda take rawa sosai da inda ta yi shiru, a rubuta lambobin. Mai kyau yakan riƙe ƙarfinsa zuwa wajen 70 ko 80. Ƙasa da inda ƙahon yake riƙewa, takardar sifika tana ta bugun banza babu abin da ke tare ta, saboda haka murɗa maɓallin bes zuwa ƙarshe ba ya kawo komai sai yagewar sifika. Wannan lasifikar ɗaki ce da ƙaramin aji, ba ta filin biki ba.

Daga nan a gwada wuri. A saurare ta a tsakiyar ɗaki, a jingina ta da bango, sannan a kai ta kusurwa baki yana kallon ƙasa da tazarar kamu ɗaya. Bambancin da za a ji a nan yakan fi wanda sauya amfilifaya zai kawo.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya lissafa tsawon zangon haz 80 da rubu'insa. Ya kuma amsa wannan: idan maƙogwaro ya zama santimita 3 a 10, lita nawa ɗakin iska zai kasance don a sami 200? Sannan ya bayyana da kalmominsa dalilin da ya sa ƙaramar kafa kusa da maƙogwaro ta fi babba kusa da baki ɓarna.

A darasi mai zuwa za a rabu rukuni-rukuni, mutum uku-uku, kowane rukuni ya haɗa nasa na kwali. A zo da takardar siminti, igiya, rula, kwali mai ruɓi biyu da duk sifikar da aka samu. Kada kowa ya sayi filawud sai malami ya auna zanensa ya sa hannu.